Yadda mutum huɗu suka hana Mahomes sakat a wasan Eagles da Chiefs

Wani ɗan'uwa daga Kaduna ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi ɗan kallon Firimiya ne, bai taɓa zama ya kalli ƙwallon ƙafar Amurka daga farko zuwa ƙarshe ba sai a wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na babbar gasarsu ta NFL, na watan Fabrairun 2025, wanda aka fara ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya. Abokansa sun cika masa kunne cewa Patrick Mahomes ba ya da na biyu, kuma Kansas City Chiefs za su ɗauki kofi karo na uku a jere. Ya hana idonsa barci, sai ga shi kafin hutun rabin lokaci Eagles na Filadelfiya sun zura musu 24 da nema, aka tashi 40 da 22. Tambayarsa ita ce: Mahomes ɗin ne ya lalace a daren, ko kuwa dama zuzuta shi ake yi?

Ɗan'uwa, sannu da rashin barci. Ba zuzuta shi ake yi ba, kuma bai manta wasa a dare ɗaya ba. Kai dai ka yi rashin sa'a ne ka fara ganinsa a ranar da aka hana shi abu guda da kowane mai jifa ke rayuwa a kansa, wato lokaci. Na shafe shekaru a nan Amurka ina taimaka wa kocin wata makarantar sakandare wajen horar da yaran layin gaba, don haka idona ba ya bin ƙwallo kamar na sauran 'yan kallo, ƙattin da ke tsakiya nake kallo. A wurinsu aka ci wasan nan, kuma ta nan zan bi da kai.

Sai ka fara riƙe lissafin, don wasan nan rabinsa lissafi ne. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi. In sun ci, a sake ba su wasu huɗu, har su kai ƙarshen fili su yi tacdawun, maki 6, da ƙarin 1 in an buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna. In tafiya ta tsaya kusa da gida, sai a yi bugun sanda a samu 3. To cikin mutum 11 na masu kai hari, biyar katanga ne, aikinsu kawai tare mutane. Ɗaya shi ne kwatabak, mai jifa, wato Mahomes. Saura biyar ke nan masu iya karɓar ƙwallo.

Yanzu koma wajen masu tsaro. Kocinsu kullum yana cikin ciniki ɗaya: mutum nawa zan tura su kamo mai jifa, nawa zan bari a baya su tsare masu karɓa? In ya tura huɗu, yana da bakwai a baya a kan biyar, ya samu rarar biyu. In ya ga huɗun ba sa isa, sai ya ƙara na biyar ko na shida, abin da suke kira bilis. Amma duk wanda ka ƙara a gaba, daga baya ka ciro shi, ka bar rami. Abin da ya sa Mahomes ya gagari mutane tun 2018 shi ne yana ganin ramin nan kafin kai da ka haƙa shi ka gani. Ka tura mutane da yawa, ya jefa ta inda suka taso. Ka tura kaɗan, ya zauna a bayan katangarsa yana zaɓe kamar mai tsintar tumatir a kasuwa, in ma ta ƙure ya zille ya ruga da kansa. Gaba kura baya sayaki.

Mafita ɗaya ce tak, kuma kowane koci a NFL ya san ta, samun mutanen yinta ne wuya: huɗunka su rinjayi biyar ɗinsu, su kaɗai, ba taimako. Abin da Vic Fangio, dattijon da ke kula da tsaron Eagles, ya yi ke nan a New Orleans ranar 9 ga Fabrairu. Sama da sau 40 Mahomes ya ja baya don ya yi jifa, Fangio bai yi bilis ba ko sau ɗaya. Duk da haka an kayar da Mahomes da ƙwallo a hannu har sau shida, abin da ba a taɓa yi masa ba a wasa ɗaya tun da ya shigo NFL. Josh Sweat ya samu biyu da rabi, Milton Williams biyu, Jordan Davis ɗaya, Jalyx Hunt rabi. Su kuwa bakwai ɗin baya, akasari huɗu daga cikinsu sun raba zurfin fili gida huɗu, kowa ya tsare nasa kason, sauran ukun suna tsakiya idonsu a kan mai jifa. Sai ya zama Mahomes ya ɗago kai ya duba na farko, a rufe. Ya duba na biyu, a rufe. Kafin ya juya ga na uku an riga an iso wuyansa. Mu a wajen horo muna gaya wa yara cewa mai jifa yana da sakan biyu da rabi zuwa uku. Nakan tsaya da agogo a hannu, in ya cika in busa usur ko da yaro bai saki ƙwallo ba, don jikinsa ya saba. A daren nan an busa wa Mahomes usur tun bai gama karatu ba.

Ka sake duba abin da ya faru a tsakiyar zango na biyu cikin huɗun da ake raba wasa, lokacin ana 10 da nema, wasa bai fita daga hannun Chiefs ba tukuna. Dama ta farko, aka kayar da Mahomes. Dama ta biyu, aka sake kayar da shi. Ya zama a dama ta uku yadi 16 yake nema. Mutumin da aka buga da ƙasa sau biyu a jere, komai gwanintarsa, agogon da ke cikin kansa ya fara sauri. Ya gangara dama yana gudu, ya jefa ƙwallo zuwa tsakiyar fili, inda wani yaron Eagles, Cooper DeJean, ɗan shekarar farko a NFL, yake laɓe yana karanta idonsa. DeJean ya tsallako ya cafke, ya ruga yadi 38 har gida. Ranar ce ma ya cika shekara 22 a duniya. A talabijin za a yi ta nuna maka DeJean, kuma ya cancanta, amma faɗuwa biyun da suka gabata su suka haifi wannan jifan.

Jifa na biyu da aka cafke masa ya fi fitowa fili. Saura ƙasa da minti biyu a tafi hutu, Chiefs suna can ƙuryar gidansu. Sweat ya sa hannu a ƙirjin Joe Thuney, mai tsare gefen hagu na katangar Chiefs, ya tura shi baya kamar mai tura amalanke, har ya haɗa shi da Mahomes daidai lokacin da hannu ke sakin ƙwallo. Ƙwallo ta kauce, Zack Baun na Eagles ya yi nutso ya cafke ta saura yadi 14 a kai ƙarshen filin Chiefs. Jim kaɗan Jalen Hurts, mai jifan Eagles, ya jefa wa A.J. Brown, aka koma 24 da nema. A duk rabin farko, Chiefs yadi 23 kacal suka ci, kuma sau ɗaya tak suka cika yadi goman nan aka sabunta musu dama. Ka lura, makin Eagles ya fi yadin Chiefs yawa. Ni tun da nake kallon wasan nan ban taɓa ganin irin haka a wasan ƙarshe ba.

Maganar Thuney tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan bango ya tsage. Thuney ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, yana cikin gwanayen zamaninsa, ya ci kofi da New England ya ci da Kansas City. Amma gurbinsa na asali a cikin katanga yake, inda ake kokawa a wuri matsattse, da maƙwabci dama da hagu. Gefen hagu kuwa wata sana'a ce daban: fili a buɗe, kai kaɗai da mutum mai dogon hannu da gudu, kuma shi ne gefen da mai jifa da hannun dama ke juya wa baya. Chiefs sun shafe kakar 2024 suna neman wanda zai riƙe musu wurin. Sun fara da sabon yaro Kingsley Suamataia, suka cire shi suka sa Wanya Morris, suka ɗauko D.J. Humphries ya ji rauni a wasansa na farko, daga ƙarshe a watan Disamba suka jawo Thuney daga ciki suka kai shi gefe, suka cike gurbinsa da Mike Caliendo. Wato don su toshe rami ɗaya sun raunana wuri biyu. Na taɓa yin irin wannan da hannuna, wata shekara da yaronmu na gefe ya karye a idon sawu, na matsa da gwanin cikinmu zuwa can. Mako biyu lafiya lau, don abokan karawarmu ba su da mai gudu. A na uku muka haɗu da wani siririn yaro dogo, ya yi ta zagaye shi kamar an dasa bishiya. Ba laifin yaron ba ne, ƙafarsa ba ta koyi wannan takun ba. Thuney ya rufe wa Chiefs asiri a wasanni da dama, ciki har da wanda suka doke Buffalo 32 da 29 suka samu tikitin zuwa wasan ƙarshe. Ranar wanka ce kawai ta zo.

Za ka ce to yaya ƙungiya mai irin wannan matsala ta ci wasa 15 cikin 17? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin yadda suka ci su. Sha ɗaya daga cikin nasarorin nan da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka aka same su, abin da tacdawun ɗaya zai iya gogewa in an nemi ƙarin maki 2 bayansa maimakon bugun 1. A wasan buɗe kaka da Baltimore, babban yatsan ƙafar ɗan wasansu Isaiah Likely ne ya taka layi a sakan na ƙarshe aka soke tacdawun. Da Denver, sun tare bugun sanda na ƙarshe da hannu suka tsira 16 da 14. Da Chargers, bugunsu ya daki sanda ya faɗa ciki. Ba na cikin masu cewa duk sa'a ce. Ƙungiyar da ta saba da matsi, mai koci irin Andy Reid da mai jifa irin Mahomes, ita ke cin irin waɗannan wasanni, ba tsautsayi ba ne. Amma gwanintar tsallake siraɗi tana aiki ne in an kai minti biyar na ƙarshe ana kunnen doki. Eagles ba su bari an kai can ba. A kakar ma an kayar da Mahomes sau 36, mafi yawa a rayuwarsa ta wasa zuwa lokacin, alamar tana nan ga mai dubawa. Kuma ba wannan ne karon farko ba: a Fabrairun 2021 Tampa Bay sun lallasa su 31 da 9 ta wannan hanyar dai, katanga mai faci, mahara huɗu, Mahomes na ta gudun ceton rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Eagles suka tara mutanen, don ba a dare ɗaya aka yi ba. Shekara biyu kafin nan, a Fabrairun 2023 a Arizona, waɗannan ƙungiyoyi biyu sun haɗu a wasan ƙarshe. Eagles sun zo da tarihin kayar da masu jifa sau 70 a kaka ɗaya, amma ba su kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba, filin ma santsi yake yi, kowa na zamewa. Suna gaba 24 da 14 a hutu, aka ƙare Chiefs 38, su 35. Kaka ta gaba suka fara da cin 10 cikin 11, sannan suka ruguje, Tampa Bay ta yi waje da su 32 da 9, har aka yi ta raɗe-raɗin za a kori koci Nick Sirianni. Ba a kore shi ba, aka kawo masa Fangio a tsaro da Kellen Moore a hari. Shi kuwa Howie Roseman, mai ɗauko 'yan wasa, yana da aƙida ɗaya da ya daɗe a kanta: a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara, zagaye-zagaye, zaɓi mai tsada a kan ƙattin gaba ake kashe shi. Jordan Davis zaɓi na 13 a 2022, Jalen Carter na 9 da Nolan Smith na 30 a 2023, dukkansu daga jami'ar Jojiya. Sweat tun 2018 a zagaye na huɗu, Williams 2021 a na uku. Akwai ma ɗan gida a cikinsu, Moro Ojomo, haifaffen Legas, wanda suka ɗauka a zagaye na bakwai a 2023. Amfanin yawa shi ne canji: katangar Chiefs mutum biyar ne daga farko har ƙarshe, su kuwa Eagles suna shigo da sabon jini kowane lokaci. Carter bai kayar da kowa ba a daren, amma sau da yawa mutum biyu ake sa masa, kuma in biyu sun tafi kan ɗaya, saura uku a kan uku, kowa da nasa. A 2024 kuma Roseman ya ɗauki Quinyon Mitchell da DeJean don gyara baya, ya ɗauko Baun daga New Orleans a kwantiragin shekara ɗaya mai araha, mutumin da a can ba ya ma cikin masu fara wasa. Tsaron da ke cikin na ƙasa-ƙasa a 2023 ya zama wanda aka fi kasa cin yadi a kansa a duk NFL.

Ɗaya ɓangaren, na harin Eagles, ba zan ja shi da tsawo ba, amma akwai darasi a ciki. Kowa ya zo kallon Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo na Eagles, wanda ya ci yadi 2,005 da gudu a kakar. Steve Spagnuolo, kocin tsaron Chiefs, ya yi rantsuwa ba Barkley ne zai kashe shi ba, kuma ya cika: sau 25 aka miƙa masa ƙwallo, yadi 57 kawai ya samu, ko da yake hakan ya ishe shi karya tarihin Terrell Davis na 1998 in an haɗa da wasannin neman kofi, ya kai 2,504. Sai dai cika wannan alkawari yana da farashi, shi ne lissafin nan dai na farko ta ɗaya fuskar. Ka tara mutane a gaba don Barkley, ka bar Brown da DeVonta Smith kowa da mai tsaro ɗaya. Hurts ya jefa 22, aka cafke 17, yadi 221, ya kuma ruga yadi 72 da ƙafarsa, wanda babu mai jifan da ya taɓa yi a Super Bowl. Shi aka ba kyautar gwarzon wasa. A zango na uku, da Chiefs suka gwada dama ta huɗu suka kasa, kowa ya ɗauka Eagles za su yi ta gudu ne su cinye lokaci. Sai Hurts ya yi kamar zai miƙa, masu tsaro suka taso, ya ɗaga ta sama yadi 46 zuwa hannun Smith. 34 da nema. Maƙwabcina ɗan Chiefs, da ya zo da jar rigarsa da farantin fukafukan kaza, a nan ya miƙe ya ce gobe yana da aiki da sassafe.

Ni da za a tambaye ni, da Sweat na ba kyautar. Amma ba zan yi faɗa da wanda ya zaɓi Hurts ba, mutumin da aka cire a hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na jami'o'i a Janairun 2018 yana Alabama, aka yi ta cewa bai iya jifa ba. Katangarsa ma ta cancanci ambato, musamman Jordan Mailata, ɗan Ostireliya da ya taso a zari-ruga, bai taɓa buga wannan wasa ba sai da Eagles suka ɗauke shi a 2018. Su ne ke yin turin nan da ka gani a tacdawun na farko, inda ake dunƙulewa a tura Hurts ta baya ya ci yadi ɗaya. Abin ya dami sauran ƙungiyoyi har Green Bay ta kawo ƙudurin a haramta shi, a watan Mayun 2025 ya samu ƙuri'a 22, alhali 24 ake buƙata.

Kada makin ƙarshe ya ruɗe ka. An kai 40 da 6 a zango na huɗu, Jake Elliott na Eagles ya buga sanda sau huɗu bai ɓarar ba, kafin Mahomes ya jefa tacdawun biyu na ƙarshe, ɗaya ga DeAndre Hopkins, ɗaya na yadi 50 ga Xavier Worthy. Kafin na Worthy ɗin an riga an juye wa Sirianni bokitin lemo a ka don murnar nasara, Eagles sun fara fitar da manyansu. Shi ya sa in ka duba takarda za ka ga Mahomes da yadi 257 da tacdawun uku, ka ɗauka an yi wasa. Mafi yawansu bayan an gama ne.

In kana son sanin abin da masu sana'ar suka karanta daga daren, duba inda kuɗi ya tafi a makonnin da suka biyo baya. New England ta ba Milton Williams kwantiragin dala miliyan 104 na shekara huɗu, Arizona ta ɗauke Sweat da sama da miliyan 76. Eagles ba su iya riƙe su ba, don NFL tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba, ba kamar Firimiya ba inda mai kuɗi ke tara duk wanda ya ga dama. Su kuwa Chiefs sun sallama Thuney zuwa Chicago, suka ɗauko Jaylon Moore daga San Francisco, kuma zaɓinsu na farko a watan Afrilu, na 32, a kan Josh Simmons na jami'ar Ohio State suka kashe shi, mai tsare gefen hagu.

Wasan yana nan a intanet. In ka samu data da lokaci, sake kallon rabin farko kawai, amma wannan karon ka bar ƙwallo ta tafi inda za ta. Sa idonka a kan mai lamba 19 cikin koriyar riga, Sweat ke nan, da mai lamba 62 cikin fara, ka riƙa ƙirga sakan a ranka daga lokacin da aka miƙa wa Mahomes ƙwallo. In ka ga sau nawa ka kai uku kafin wani ya taɓa shi, ka rubuto mini.